Wasiƙa ga Lauya: Auta Ya Koma Asabaci

Lauya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya uwargida da yara? Yaya gwiwar nan, ta bari kana durƙusawa wajen addu'a, ko har yanzu ita ce hujjarka? Ba zan tsaya ƙorafin shirunka ba, don in na soma ba zan kai ga abin da ya zaunar da ni rubutu ba. Ka dai riƙe a ranka cewa ni na rubuto na ƙarshe, ga shi kuma ni na sake.

Zancen Auta ne. 'Yan watannin nan ya faɗa hannun wasu mutane masu taruwa ranar Asabar, tun daga nan gidanmu bai sake zama lafiya ba. Ya bar sujadar Lahadi. Ya bar cin duk abin da Littafin Firistoci sura 11 ta hana, har in an ajiye masa kwano sai ya titsiye mai girki da tambayoyi. Daga faɗuwar rana ran Juma'a wayarsa a kashe take. Duk wannan ban ce masa uffan ba. Cikinsa ne, wayarsa ce, kuma Romawa 14 ta riga ta ce wani yana ɗaukaka wata rana, wani kuwa duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya yi wa Mama. Tsohuwar da ta koya mana Addu'ar Ubangiji tun ba mu iya ɗaura wando ba, ita ya zaunar ya buɗe mata Ibraniyawa 12:14, wai in ba da tsarki ba babu mai ganin Ubangiji, wai ta gyara tun da sauran lokaci. Kwana ta yi ba ta runtsa ba. Gari na wayewa ta tambaye ni ko shekarun nan duka a banza ta yi su.

Na ce masa ya karanta mini ayar tun daga farkonta. Ka san da me ta fara: ku nemi zaman lafiya da kowa. Wannan rabin bai gan shi ba.

Kada ka yi saurin dariya, naka ɓangaren ma yana cikin gidan. Babban ɗana, almajirinka, ya dawo hutu da aya guda a baki, wai ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa, muna ƙarƙashin alheri. Ka tambaye shi inda ya kwana, Romawa 6:14. Ka tambaye shi kuɗin da ya ranta wurin ƙanwarsa, Romawa 6:14. Aya ta 15 tana nan manne da ita, inda Bulus ya tambaya ko sai mu yi ta zunubi ke nan, ya amsa da kansa cewa sam, amma idon yaron ba ya sauka can. In suka haɗu shi da baffansa, kowa da rabin ayarsa, Mama a tsakiya tana kallon wannan tana kallon wancan.

Ga inda nake neman taimakonka. Auta ya jefo mini tambaya: "Yaya, wa ya ba ku izinin zaɓe? Kun riƙe kada ka yi kisankai, kun yar da Asabaci, ranar hutu ta Asabar, alhali a kan allunan dutse ɗaya aka rubuta su." Na ba shi amsar da aka koya mana a ajin baftisma, cewa dokokin kashi uku ne: na halin kirki, na hadaya da tsarkakewa, da na mulkin ƙasar Isra'ila. Na biyu ya cika cikin Almasihu, na uku ya tafi da tafiyar mulkin, na farko yana nan daram. Rabon nan ba na jiya ba ne. Toma Akwinas ya tsara shi a ƙarni na 13, malaman da suka zauna a Westminster a Ingila kuma suka sa shi cikin shaidar bangaskiyarsu ta 1646. Auta ya ce to a nuna masa inda Musa ya sa wa dokokin lamba. A nan kam ya kama wani abu. Firistoci 19:18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ta 19 kuma, ba ko numfashi a tsakani, ta hana sa rigar da aka saƙa da zare iri biyu. Musa bai ja layi ba. (Na juya wuyan rigar Auta na karanta masa abin da kamfani ya rubuta a jiki. Bai ji daɗi ba.)

Sai dai in Musa bai ja ba, Ubangiji da manzanni sun ja. A Matiyu 23:23 Yesu ya ce wa Farisiyawa suna fitar da zakkar ganyen ƙamshi sun bar mafi nauyi a Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci. Ashe akwai mai nauyi akwai mara nauyi. A Markus 7 ya ce abin da ke shiga cikin mutum ba ya ƙazantar da shi, sai abin da ke fitowa daga zuciya. Bitrus ya ga wahayi a Yafa har sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba ne. Taron da manzanni suka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 kuwa, a kan ainihin tambayar Auta aka yi shi: ko Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai sun yi kaciya sun bi Shari'ar Musa. Bitrus ya kira abin karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Abu huɗu aka rubuta wa 'yan'uwa su guje wa, abin da aka miƙa wa gumaka, jini, naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Asabaci ba ya ciki.

Da ya ga haka sai ya koma kan Sarki Kustantin na Roma, wai shi ya ƙirƙiro Lahadi a 321. Abin da sarkin ya yi a shekarar shi ne ya mai da ranar ta hutu ga alƙalai da mutanen birni. Taruwar kam ta girme shi nesa ba kusa ba. Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi a Taruwasa ranar farko ta mako suna gutsuttsura gurasa, Jastin Mai Shahada ma ya bayyana sujadar Lahadi a Roma tun wajen shekara ta 150. Na ƙara masa da cewa malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin Attaura 613, guda 248 na "yi", 365 na "kada", kuma da yawansu sun rataya ga Haikalin da Romawa suka rushe a shekara ta 70. Shi ma ke nan zaɓe yake yi, nasa zaɓen ne kawai bai kira shi zaɓe ba.

Af, kafin in manta. Shugaban mawaƙa ya ajiye aiki, ya dawo, ya sake ajiyewa, duk a kan wa zai riƙe makullin akwatin kayan kiɗa. Dattijon nan naka mai cewa "amin" cikin barci yana nan, ranar nan ma ya ce amin ga sanarwar ɓatan laima. 'Yar mai gadin majami'a ta gama karatun jinya, ita ta zo ta ɗaya a ajinsu, uban yana ta yawo da takardar a aljihu har ta fara yagewa. Ya ce in gaishe ka, wai yana nan da bashinka na gardamar Malkisadik.

To, gardamar ayoyi na ci ta, a ganina dai, amma ba ta sauya kome ba. Abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne da na zauna na karanta Firistoci 19 ɗungum, surar da ta buɗe da cewa ku zama tsarkaka gama ni Ubangiji Allahnku mai tsarki ne, maganar da Bitrus ya maimaita a wasiƙarsa ta fari. Lauya, ka sake karanta ta a natse. Abu na farko da ya biyo bayan kiran tsarki shi ne kowa ya girmama uwarsa da ubansa, uwar ma aka fara ambata. Gaskiya ne Asabaci yana cikin ayar, ban ɓoye masa ba. Amma ka ci gaba ka gani. In ka yi girbi kada ka share gona ƙaf, ka bar gefe domin matalauci da baƙo. Ladan ma'aikaci kada ya kwana a hannunka har safiya. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe, mutane biyu ke nan da ba za su taɓa sanin wa ya cuce su ba. Kada ka yi yawon tsegumi. Kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuci. Ka miƙe tsaye a gaban mai furfura. Ma'auninka ya zama na gaskiya. Kuma an yi ta rufe su da magana guda, ni ne Ubangiji. Yawancin tsarkin da ke cikin surar, sai da wani mutum a gabanka za ka iya yin sa.

Ka kuma san yaran da ke yi wa Auta aiki sun daɗe suna bin sa ladansu. Mutumin da ba ya taɓa waya ran Asabar! Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban faɗa masa da gatse ba, na dai buɗe masa aya ta 13 na miƙa masa littafin. Na kuma nuna masa Markus 7 daga aya ta 9, inda Yesu ya tsawata wa masu fakewa da keɓe dukiya ga Allah don kada su taimaki iyayensu. Ya yi shiru, ya tashi ya fita. Ko shirun tuba ne ko na fushi, har yanzu ina jira in gani.

Almajirin naka ma ba zan ƙyale shi ba, kai ma haka. Na san za ka kawo mini Martin Luther ɗinka, mai wa'azin ceto ta wurin alheri. To ka tuna Luther da kansa ya yi faɗa da abokinsa Agrikola daga 1537 zuwa 1540, don Agrikola ya ce a daina wa'azin Shari'a a ikkilisiya. Tun kafin su, wajen 144, ikkilisiyar Roma ta kori Markiyon saboda ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Ni abin da ya fi kwanta mini shi ne tsarin katakismar Heidelberg ta 1563, wato littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa. Kashi uku ce, wahalar mutum, cetonsa, sannan godiyarsa, kuma a kashi na ukun nan aka yi bayanin Dokoki Goma. Haka ma yake a Fitowa 20. Kafin doka ta fari Allah ya fara da cewa shi ne ya fisshe su daga Masar, gidan bauta. Bai ce su kiyaye dokoki tukuna sannan ya raba teku ba. Ɗan gida ba sharar tsakar gida ce ta mai da shi ɗa ba, amma ɗan da ya ce tun da shi ɗa ne ba zai taɓa tsintsiya ba, bai san gidan ba. Afisawa 2 ma da kuke tsayawa a aya ta 9, mai cewa ceto ba ta wurin ayyuka ba ne, ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Titus 2 kuwa cewa ta yi alherin da kansa ne malamin, shi ke koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Wannan na karanta wa Mama, tare da alkawarin Ezekiyel 36 na sabuwar zuciya, inda Allah ya ce shi zai sa Ruhunsa a cikinmu ya sa mu bi ka'idodinsa. Ta sa na maimaita mata, sannan ta ce a kira mata Auta ya zo ya gyara mata ƙyauren ɗaki.

Me ma na ce zan tambaye ka? Na duba sama na ga na amsa wa kaina rabi, sauran rabin kuma ka san shi. Abin da nake roƙo dai ka kira Auta, yana jin maganarka fiye da tawa tun yana ƙarami. Kada ka shiga masa da Galatiyawa, na riga na ƙare masa ita. Ka tambaye shi lafiyar Mama da ta yaran aikinsa. Kuma don Allah ba ran Asabar ba, sai ka yi ta bugawa a banza ka ce ya raina ka.

Uwar yara tana gaishe ku, ta ce hoton jaririyar da aka yi mata alkawari har yanzu shiru. Littafin sharhin Romawa da ka ara kuwa, kada ka ce mini yana ƙarƙashin alheri. A dawo da shi.

Naka,
Abokin gardama