Godiya ga matasan ofishin manhaja na titin IBB, Katsina

Assalamu alaikum.

Yabon gwani ya zama dole. Ni ne mai ƙaramin kamfanin kwashe shara da ke bin gidaje tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan yadda kuka mayar mana da karɓar kuɗin wata zuwa Paystack, wato dandalin karɓar kuɗi ta intanet.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 muka daina karɓar kuɗi a hannu, muka koma cirewa daga katin banki duk wata. Sai dai dandalin da muke kai a da, idan wa'adin katin mutum ya ƙare sai cirewa ta tsaya shiru, ba mu sani ba sai lissafi ya ƙi cika.

Tun ranar farko kuka faɗa mini gaskiya: izinin cire kuɗi da mutane suka ba tsohon dandali ba zai biyo mu ba, dole kowa ya sake shigar da katinsa da kansa. Kun kuma buɗe mini cajin sabon, kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, wadda ba a ɗorawa idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba.

Babban tsorona shi ne a cire wa mutum sau biyu a wata guda, domin a sana'armu idan amana ta zube, ba ta kwasuwa. Kuka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ba ku kunna wa kowa sabo ba sai kun tabbatar tsohon ya mutu. Ma'aikatan gwamnati kuma kuka bar musu ranarsu ta bayan shigar albashi. Har yau ba wanda ya kawo mini ƙorafi.

Da idona na ga wani dattijo a zaurensa zai karanta wa yaronku lambar sirri ta OTP da banki ya turo masa. Yaron ya durƙusa ya ce, "A'a Baba, ko ni kada ka faɗa wa, kai za ka danna." Ya jira har dattijon ya ɗauko tabarau ya danna da kansa. A wannan zamani na 'yan damfarar waya, wannan tarbiyya ta fi mini manhajar kanta.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa sana'arku albarka.

Naku,
Mai kamfanin kwashe shara, Katsina