Malaman kwamfuta su sake duba yadda ake koyar da jeri cikin jeri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman da ke koyar da rubuta manhajar kwamfuta a Marwa, Garwa da Ngaundere kan wani wuri da ɗalibanmu suke yawan tuntuɓe, wato ciro abu daga jerin da aka ajiye a cikin wani jeri.

A ganina, matsalar daga allo take farawa. Yaro yakan fara darasin da alli, bisa salon Pascal, ɗaya daga harsunan rubuta manhaja, inda malam yake ƙirga daga 1, yana rubuta lambar layi da ta gurbi a cikin baka ɗaya, wato alamar [ ], da waƙafi a tsakani, kamar T[1,2]. Ranar da ya samu kwamfuta, ko wayar yayansa, sai ya tarar harsunan Python da JavaScript da C duk daga sifili suke ƙirga, domin lambar tana nuna nisan abu ne daga farkon jerin. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya kare wannan tsari a rubuce tun 1982, amma mu har yau ba mu cika yi wa yara bayanin dalilinsa ba.

A ɗauki makin ɗalibai biyu a darussa uku, kowane bisa 20: maki = [[12, 15, 9], [8, 14, 17]]. Wanda ya rubuta maki[1] zai samu jerin ɗalibi na biyu ɗungurungum, wato 8 da 14 da 17, kuma sai ya ƙara baka ta biyu, maki[1][2], sannan 17 za ta fito. Abin da ya kamata a nanata shi ne cewa matakai biyu ne ake ɗauka daga hagu zuwa dama, kuma abin da matakin farko ya bayar shi ma jeri ne mai zaman kansa. Ɗalibin da aka sa ya fitar da sakamakon matakin farko ya gan shi da idonsa ba zai ruɗe ba ko da jerin ya kai hawa uku ko huɗu.

Haɗarin ya fi girma a JavaScript. Idan yaro ya kawo al'adar allo ya rubuta maki[1,2], Python za ta tsaya ta sanar da shi kuskurensa, amma JavaScript za ta yi watsi da 1, ta nemi maki[2], ta ce babu komai a wurin, sannan aiki ya ci gaba kamar lafiya lau. Ita ma Python tana da nata tarko, domin [[0]*3]*2, da ake rubutawa don samun layi biyu masu sifili uku-uku, layi ɗaya ne aka ambata sau biyu, saboda haka duk abin da aka sauya a layin farko zai bayyana a na biyu.

Na san kwamfutoci sun yi ƙaranci, wuta kuma ba ta da tabbas, don haka allo ba zai bar ajinmu nan kusa ba. Roƙona ga 'yan'uwana malamai shi ne mu riƙa ƙirga daga sifili tun a kan allon, mu kuma rubuta kowace lamba a bakarta daban, yadda harshen da yaro zai yi aiki da shi yake buƙata.

Wassalam.

Wani malamin kwamfuta,
Marwa, Kamaru