Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Abzin, kan gidajen haya na tsohon garin Agadas

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu magina ne da masu zanen gini. A 2013 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin Agadas, da unguwanninsa 11 da hasumiya mai tsawon mita 27, cikin kayan gadon duniya. Shekara guda bayan haka aka samu zinariya a yankin Jado na jihar Agadas, garin Agadas ya cika da baƙi, gidajen gado da yawa suka koma na haya. Ba laifi ba ne, magada ma suna da bakin ci. Yadda ake gyaran ne ke kashe gidajen.

Gidan da aka gina don iyali ɗaya yanzu an yanka shi ɗaki-ɗaki. Kowa na son makewayi, sai a tona salga a gindin bango. Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa: laima ta hau, kanwa ta ci tubali, gindi ya rarake. Mai gida ya ga haka sai ya shafe bangon da siminti, a nan ne abin ke ba mu takaici. Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska, laimar na ɗaure a ciki, waje sumul, ciki ya zama gari, har rana ɗaya ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Ga masu ɗora bene na bulo a kan azarar goriba da ba a yi ta don wannan nauyi ba. Ga lungu da ake ta cikawa har ya fi zaure tudu, ruwan sama ya riƙa shiga gida.

Daminar 2024 ta rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, Agadas ma ta ji jiki.

Ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne kada a taɓa bangon tsohon gida sai sarkin magina ya gani. A nisanta salga da bango aƙalla mita 3. Indararo ya fito kamu guda, a zuba dutse inda ruwansa ke faɗuwa. A kankare simintin da kaɗan-kaɗan, a bar bango ya bushe, sannan a yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa da kashin dabbobi ta kwana bakwai tana ruɓa. Kuma masu unguwanni su wajabta a cire kuɗin yaɓe daga kuɗin haya kowace shekara, kafin ruwan farko.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Daga wasu magina da masu zanen gini.