Sanarwa: Zama kan lanhon gidajen haya

Assalamu alaikum ƴan uwa masu gidajen haya na Birni da Zango.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu a zauren mai unguwa. Da yawa cikinmu sun koka cewa lanhon da aka yanka musu bana ya yi yawa. Bisa kuɗin hayar shekara ake lissafin, shi ya sa in an ƙiyasta hayar fiye da abin da kake karɓa, kana da damar kai ƙorafi ma'aikatar lanho ta DGI. Amma a rubuce, maganar baki ba ta shiga lissafi, kuma akwai wa'adi, kada mu yi jinkiri.

Kowa ya zo da takardar lanhon, yarjejeniyar haya da shaidar biyan bara. Don Allah a sanar da dattawan da ba su da waya.

Allah ya bar zumunci.