Barista, wane kwas na zaɓi zan ɗauka a aji huɗu?

Assalamu alaikum Barista. Da fatan kana lafiya, kai da masu sauraren wannan shiri.

Ni ɗalibin shari'a ne mai shiga aji huɗu. An buɗe rajista, fom ɗin yana gabana, gurbi biyu ne kawai ya rage ban cike ba, na kwasa-kwasan zaɓi. Na dole ba su da gardama, irin su dokar ƙasa da filaye da dokar shaida, domin Makarantar Horar da Lauyoyi ba ta karɓar wanda bai ci su ba. A na zaɓin kuwa an jera mana dokar mai da iskar gas, dokar haraji, dokar ƙwadago, da dokar iyali da gado a Musulunci.

Manyanmu na aji biyar sun kasu biyu. Wasu na cewa zaɓin ba ya tsinana komai, tunda ko reshen Makarantar Horar da Lauyoyi na Bwari aka tura mutum ko na Bagauda, darussa biyar iri ɗaya kowa zai yi, kuma takardar zama lauya ba ta nuna abin da ka zaɓa a jami'a. Wasu kuma na cewa takardar sakamako ita ake fara dubawa wajen neman aiki ko digiri na biyu.

Ni dai na ga alamar masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya, musamman a ɓangaren alƙalanci. Sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce lauyan da zai zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a sai ya shekara 10 da zama lauya, kuma yana da shaidar karatun shari'ar Musulunci da aka amince da ita. Sashe na 237 kuma ya tanadi aƙalla alƙalai uku masana dokar iyali ta Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa. Tambayata ta farko ke nan: kwas ɗaya ko biyu na zaɓi sun isa a kira su shaidar karatu, ko sai wanda ya yi digirin haɗaka na dokar Bature da ta Musulunci irin na Zariya da Bayero? A nan gida kuwa kowa ya san rigimar gado da riƙon 'ya'ya ba ta yankewa a kotu, ko da yake kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Mai da haraji su ne ake wa kallon masu maiƙo. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sauya tsarin hukumomin fannin, an kuma sa hannu kan sababbin dokokin haraji a 2025, don haka ana neman waɗanda suka san su. Sai dai aikin yana Legas, Abuja da Fatakwal, kuma manyan ofisoshin lauyoyi na can ba kasafai suke duban wanda bai kai 2.1 ba, wato darajar digiri ta biyu ta sama.

To a nan gizo ke saƙar. Mafi ƙarancin matsakaicin makin da ke ba da 2.1 shi ne 3.50. Ɗalibin da ke da 3.55 bayan yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), idan ya ɗauki kwas biyu masu yunit huɗu-huɗu a zango biyu ya samu C a duka, yunit 16 ɗin za su jawo shi zuwa 3.49. Malamin haraji a wajenmu hannunsa a matse yake, B ma sai an sha gumi. Garin neman gira sai a rasa ido: ka karanta abin da ofishin yake so, ka rasa darajar da za ta sa a buɗe takardarka.

Dokar ƙwadago tana tsakiya. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke jin shari'ar kora da albashi, kuma tana zama a Kano da Kaduna.

Don Allah Barista, idan kai ne ke ɗaukar sabon lauya, wanne ya fi nauyi a wajenka, darajar digiri ko kwasa-kwasan da ya zaɓa? Kuma kundin bincike na aji biyar da zaman koyon aiki a ofishin lauya lokacin hutu za su iya cike gurbin kwas ɗin da mutum bai ɗauka ba? Ranar Juma'a mai zuwa ake rufe rajista.

Allah ya ƙara basira.

Naka,
Ɗalibin shari'a, aji huɗu