Rahoton Ayyukan Shekara: Zaman Koyo, Tarihin Loki da Wasan Dara

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, manya da ƙanana.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyi biyu: a ci gaba da zaman koyon rubuta manhaja na ƙarshen mako, sannan a zaɓi wani ƙaramin kamfani mai cin abinci da aikin wasu a bi tarihinsa, tunda yawancinmu da kwangila muke rufa wa kanmu asiri. Zaman ƙarshen mako bai tsaya ba sai a watan azumi da hutun sallah. Da aka mayar da shi safiya, 'yan'uwanmu mata sun fi samun halarta, don haka a nan za a bar shi.

Kamfanin da aka zaɓa shi ne Loki Software na garin Tustin, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda wani lauya mai suna Scott Draeker ya kafa a 1998. Su ba sa ƙirƙirar wasan kwamfuta. Sai su je wurin masu wasan da aka yi don Windows, su biya kuɗin lasisi, a ba su ainihin rubutun manhajar, su gyara shi ya yi aiki a Linux (wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, takwarar Windows), su buga a faifai su sa a kwali su sayar. Da Civilization: Call to Power suka fara a 1999, daga baya Railroad Tycoon II da Heroes of Might and Magic III da SimCity 3000 da Tribes 2 suka biyo.

Aikin ba ƙarami ba ne. Wasannin Windows da DirectX, wani rukunin manhaja na Windows, suke magana da allo da sauti, Linux kuwa ba shi da shi, dole a sake gina duk wannan sashe. Babban mai rubuta manhajarsu, Sam Lantinga, ya riga ya fitar da SDL, manhajar da ke bai wa wasa damar magana da allo da sauti a Windows da Linux duka, tun 1998 don magance irin wannan matsala, kamfanin kuma na cikin waɗanda suka assasa OpenAL don sauti. Duka biyun a buɗe aka bar su, kowa ya ɗauka.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne dalilin durƙushewarsu. Masu Linux a wancan zamani kaɗan ne, kuma da yawansu suna da Windows a kwamfuta ɗaya. Kafin kwalin Loki ya iso kanti, mai son wasan ya saya ya ƙare shi watanni da suka wuce. Ga kuɗin lasisi an riga an biya, ga faifai an buga. A watan Agustan 2001 suka nemi kotu ta kare su daga masu bin bashi, a Janairun 2002 aka rufe. Wasu a cikinmu sun ce sun yi gaggawa ne kawai. Ni dai a ganina, wanda ya zuba kuɗinsa kafin ya san mai saye ya ɗauki kasadar da ta fi ƙarfinsa, ko da aikinsa ya kai na kowa kyau. Ryan Gordon, tsohon ma'aikacinsu, ya ci gaba da sana'ar shi kaɗai bisa kwangila, mai wasa ne ke biyansa, kuma ya daɗe a kanta. Lantinga ya koma kamfanin wasanni na Blizzard, daga baya kamfanin Valve, wanda ya kawo Steam, kantinsa na sayar da wasanni ta intanet, kan Linux a 2013, shekarar da SDL 2.0 ta fito. SDL 3 kuma ta fito a Janairun 2025.

Ba mu tsaya a karatu ba. Wani ɗan'uwa ya ba da wasan dara da ya rubuta don Windows, muka yi amfani da SDL muka mayar da shi Linux da Android. Ranar gwajin farko allo ya buɗe baƙi ƙirin, babu rami babu tsakuwa. Aka yi ta bincike har la'asar, sai wata ƙanwarmu ta lura cewa a manhaja an rubuta sunan hoton da ƙaramin harafi, a fayil kuwa da babba. Windows ba ya bambanta su, Linux yana bambantawa. A waya kuma ramukan sun yi wa yatsa ƙanƙanta, sai da aka sake zana allon gaba ɗaya. Yanzu wasan yana tafiya a duka ukun, saura sauti a wasu tsofaffin wayoyi.

Daga wannan nazari kwamiti ya tsara samfurin takardar yarjejeniya ga duk mamban da zai karɓi kwangila. Ta tanadi kafin alƙalami, da biyan sauran kuɗi mataki-mataki, da fayyace wanda ya mallaki rubutun manhajar bayan an gama. Don Allah a karɓa wurin sakatare, ko da aikin na ɗan'uwa ne.

Rashin wuta da tsadar man janareto da data sun ci mafi yawan kuɗin shekara, kuma akwai waɗanda ake bi kuɗin wata-wata. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, inda za a kaɗa ƙuri'a kan sayen batiri da faranti mai aiki da hasken rana. A nan ne kuma za a yanke ko za mu saki rubutun wasan darar a buɗe, idan mai shi ya amince. Mai shawarar kamfanin da za a nazarta baɗi ya miƙa ta kafin ranar.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.