Rahoton Ayyukan Shekara: Afendiks Mai Ɓad-da-Kama

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana kwamitin zartarwa ya ba da yawancin zaman bitarmu na wata-wata ga ciwon afendiks (kumburin ɗan ƙaramin reshen da ke manne da farkon babban hanji) da ba ya zuwa yadda aka koya mana a makaranta. Da muka bi fayilolin waɗanda aka yi wa tiyata bayan abin ya fashe, sai muka tarar wasunsu sun riga sun zo asibiti an sallame su da maganin taifot ko na maleriya.

Kowa ya san ciwon da ke farawa a cibiya ya gangaro mara ta dama. Amma idan afendiks ya kwanta a bayan babban hanji, a kwiɓi ko ƙugu majinyaci zai nuna maka, ka danna gaban ciki ka ji shi da laushi. Idan ya sauka can ƙasan mara, gudawa da yawan fitsari ke fara bayyana. Mai tsohon ciki kuma, mahaifa kan tura shi sama. Zaman da ya fi zafi shi ne na tsofaffi da ƙananan yara: dattijo na iya zuwa ba zazzaɓi, yana cewa ciki ne kawai ya ƙulle, alhali ya fashe. Ma'aunin Alvarado na 1986, mai maki 10, wanda ake auna yiwuwar ciwon afendiks da shi, yana taimakawa, sai dai a kan waɗannan ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Abin da muka tsayar: duk macen da ke shekarun haihuwa a yi mata gwajin ciki, saboda cikin wajen mahaifa na iya kama da ciwon afendiks. Wanda ake shakkarsa a kwantar da shi, a sa masa ruwa, a ba shi maganin raɗaɗi, likitan da ya fara duba shi ya sake taɓa cikin bayan 'yan awoyi. Yara da masu ciki, a yi musu hoton sikanin tukuna.

An ja muhawara kan magani ba tare da tiyata ba. Binciken CODA na Amurka a 2020 ya nuna kusan 3 cikin 10 na waɗanda aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta maimakon tiyata sun ƙare a ɗakin tiyata cikin kwana 90. Ga wanda gidansa ke da nisa da asibiti, yawancinmu mun fi natsuwa da a cire.

Ziyarar masu kemis, waɗanda allurarsu ke danne alamomin ciwon, ba mu kai ko'ina da ita ba. Kuɗin mota ya gagara. Mun ɗaga ta zuwa baɗi, don haka masu bashin kuɗin wata a daure a ga ma'aji kafin babban taro.

Sakataren ƙungiya